Jakar albarushin Kaka: yadda ake kwaikwayon kayan yaƙi na fata ba tare da an yi jabu ba

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda ƙarancin data ya hana su saurare, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu. Yau daga gida Bunkure nake magana, kuma zancen namu a kan fata ne: jakar albarushi, kwari, kube, ɗamarar harsashi, da masu ɗinka sababbi irin na da domin masu hawa, masu fim da masu tara kayan tarihi.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar.

Bara da damina ɗakin marigayi kakanmu ya fara yoyo, sai muka fito da kayan ciki. A ƙasan wani tsohon akwatin ƙarfe muka tarar da wata jakar fata, girmanta kamar tafin hannu biyu, ja ce amma ta dafe ta koma kamar baƙa, tana da murfi da doguwar igiyar ratayawa, ga ɗan ƙaho a ɗaure a gefe. Mahaifiyarmu tana gani ta gane ta. Ta ce jakar albarushin Kaka ce, da ita yake bin tawagar hakimi cikin 'yan bindiga lokacin hawan Sallah, shi ma kuma a wajen mahaifinsa ya gada.

Ba a yi wata biyu ba sai ga wani dillali, ban san wa ya kai masa labari ba. Ya juya ta, ya sunsuna, ya yi mini tayin kuɗin da zai sayi buhun taki biyu. Ku da kuke noman rani a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam kun san abin da buhu biyu yake nufi a lokacin da ake shirin dashen tumatir, ruwan Tiga ya sauko kanal, aljihu kuma babu nauyi. Wallahi na yi shiru na ɗan lokaci. A ɗaya gefen kuma ga ƙanena, wanda ya shiga 'yan bindigar hawa, ya nace shi sai ya rataya ta ranar Sallah. In na sayar, ta tafi ke nan har abada. In ya rataya, igiyar da ta riga ta bushe ba za ta kai la'asar ba. To, a nan ne wani abokina ya ce mini, me zai hana a ɗinka wata irinta sak, a ajiye ta asalin?

Wannan shawara ita ta kai ni ga bincike, na gano ashe abin sana'a ce babba a duniya.

A Amurka akwai ƙungiyoyin da suke taruwa su maimaita yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, a sa kaya irin na lokacin, a kafa tantuna, a yi fareti, a harba bindiga da albarushi zalla babu harsashi. A Ingila da Faransa da Jamus ma haka suke yi da yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Kayan asali sun tsufa, sun yi tsada, kuma ba mai son ya lalata su a cikin taɓo. Shi ya sa ake ɗinka musu sababbi, da yawa daga Indiya da Pakistan ake kai su. Kuma mutanen nan akwai bin diddigi. Sojan ƙasa na yaƙin basasar Amurka jakarsa harsashi 40 take ci, to in ka ɗinka wadda girmanta bai yi daidai da haka ba, dawo maka da abinka za su yi.

Ku ɗauki misalin sojan Ingila. A 1903 suka fito da wata ɗamarar fata da ake ratayawa daga kafaɗa zuwa kwiɓi, mai aljihu 5, kowane aljihu harsashi 10, jimla 50. Akwai ta mahaya dawaki mai aljihu 9, harsashi 90. Abin da ya sa suka sauya shi ne wahalar da suka sha a yaƙinsu da Turawan Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, inda harsasai suka riƙa zubewa daga tsofaffin jakunkunansu. A 1908 suka koma saƙaƙƙen zaren auduga mai kauri, domin fata in ta sha ruwa tana nauyi, ta yi fumfuna, in ta bushe kuma ta ƙandare. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 aka ɗebi sojoji fiye da yadda masaƙa za su iya wadatarwa, sai dole aka sake komawa fata na wani lokaci. Ita kuwa ɗamarar nan mai igiya ɗaya a kafaɗa da muke gani jikin hafsoshi ranar fareti, sunan wani hafsan Ingila ta ci, Sam Browne, wanda ya rasa hannunsa na hagu a Indiya a 1858, ya ƙirƙiro ta domin ya iya zare takobi da hannu ɗaya. Kun ga kowane ɗinki da dalilinsa. Wanda bai san dalilin ba, ko ya kwaikwayi siffar sai ya yi kuskure.

To, ina cikin karanta wannan sai na yi dariya. Ai mu mun daɗe muna yi, sunan ne kawai ba mu sa masa ba. Mene ne hawan Sallah in ba fito da rundunar da ba? 'Yan lifidi, 'yan sulke, 'yan baka, 'yan bindiga, kowa da shigarsa, a Hawan Daushe da Hawan Nasarawa. A watan Disamba na 2024 ma hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Kuma kayan nan suna da tarihi a rubuce. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali. A zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi da garkuwoyi daga ƙasar Nufe. Babba Zaki kuma, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Inda duk aka sami bindiga mai ɗuri ta baki, dole a sami ƙahon albarushi da jakar da za a zuba harsashi da ƙanƙara da tsumman toshiya. Irin jakar Kaka ke nan.

Amfanin waɗannan kaya a fagen fama ya ƙare ne a 1903, shekarar da Turawa suke fito da waccan ɗamarar tasu. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, nan kusa da mu, sannan ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin. Daga nan kwari da garkuwa da lifidi suka koma kayan ado da tunawa. Duk wanda ka gani jikin mahayi yau, in ba ɗan kaɗan ba, kwaikwayo ne wani baduku ya ɗinka.

Matsalar ita ce kwaikwayon namu ya fara lalacewa. Ku lura da kyau a hawa mai zuwa. Za ku ga kuben takobi na roba mai ƙyalli, kwari na kwali da aka lulluɓe da ledar kujera, jakar ɗan bindiga da zif a jiki. A finafinanmu na tarihi ma haka, jarumin zamanin Sarauniya Amina ya fito da ɗamara mai kan ƙarfen kanti. Ban ga laifin kowa ba, kuɗi ne ke magana. Ƙirgi ya yi tsada, tun da fatar shanu da yawa ganda ake yi da ita, fatun awaki masu kyau kuma manyan kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa ke kwashewa a fitar waje. Amma abin da ciwo, a ƙasar da fatar jar akuyarta ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, takalma da jemammun fatu suna cikin manyan kayan da ya ga ana fitarwa daga garin. Unguwar Dukawa tana nan a birni, kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Muhammadu Rumfa. Gwanaye ba su ƙare ba, sai dai tsufa suke yi.

Ni dai na ɗauki jakar na naɗe a cikin rawani, na shiga birni wajen wani dattijon baduku da aka yi mini kwatance. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Ya daɗe yana jujjuya ta bai ce komai ba. Can ya ce, "Yaro, wa ya shafa mata mai?"

Na ce, "Baba, ni ne, ɗan baƙin mai na injin ban ruwa na sa don ta yi laushi."

Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗana. Kada ka ƙara."

Na ce, "Tuba nake, Baba. Za a iya samun irinta?"

Ya ce, "Za a iya, in kana da haƙuri. In na gobe kake so, ga yara can bakin titi."

Sati uku aikin ya ci, kuma na yi ta zuwa ina kallo. Abin da na koya shi nake so in ba ku, don duk mai son a yi masa irin wannan ya san abin da zai nema.

Na farko, awo. Bai farke jakar ba. Zare ya sa ya auna tsawo da faɗi da zurfi, ya zana a takardar buhun siminti, ya ƙirga ɗinki nawa ne a tsawon ɗan yatsa. Ya nuna mini cewa murfin ya zarce bakin jakar sosai, kuma an yi haka ne don kada raɓa ko tartsatsin wuta su kai ga abin da ke ciki. Da ni ne da na rage shi don ya fi kyan gani.

Na biyu, jima. Ya ce sai fatar da aka jeme da bagaruwa. Majeman gargajiya suna jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa ana juyawa har ta kama, a shafa man gyaɗa, a shanya, a murje. Fatar kamfani kuwa yawanci da sinadarin kurom ake jeme ta, hanyar da ba ta bazu a duniya ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Ga yadda za ku bambance: ku dubi bakin yanka. Ta bagaruwa cikinta ruwan ƙasa ne, tana da ƙamshin da kowa ya sani. Ta kurom in ba a rina ta har ciki ba, za ku ga tsakiyarta toka-toka mai ɗan shuɗi. Ta bagaruwa tana riƙe siffa in an jiƙa an ɗora ta a kan itace, kuma tana karɓar zane. Jikin jakar da igiyar ƙirgi ya sa, adon fuska kuma fatar akuya.

Na uku, rini. Ja daga karan dafi, wato jan kuben wata irin dawa da ake jiƙawa da ruwan toka. Baƙi daga ruwan da aka jiƙa kashin maƙera, wanda da ya taɓa fatar bagaruwa take yin baƙi nan take. Rawaya daga gangamau. Fentin gwangwani zama yake a saman fata, bayan Sallah biyu ya fara ɓarewa.

Na huɗu, ɗinki. Da basilla ya huda, ya bi da siririn zaren fata da ya yanka da kansa. Ba keke, ba zaren roba, ba gam.

Ranar da na je karɓa, sai na ce, "Baba, ba za a ɗan sa ta a hayaƙi ba, ta yi duhu kamar ta Kaka?" Nan fa ya ajiye basilla. Ya ce, "Ka ga wannan ita ce hanyar da ba na bi. Ta kakanka shekaru suka mai da ita haka. Wannan a bar ta ta tsufa a jikin ƙanenka." Sannan ya buɗe murfin ya nuna mini ciki, ya zana alamarsa da shekarar da ya yi ta.

Jama'a, nan ne bakin zaren. Kwaikwayo da jabu a ido ɗaya suke, niyya da alama ne ke raba su. Mai kwaikwayo yana gaya maka sabuwa ce, an yi ta irin ta da. Mai jabu kuwa zai rataye ta a madafa ta sha hayaƙi, ya binne ta a ƙasa kwana biyu, ya goga mata toka, ya ce maka daga yaƙin Kwatarkwashi ta fito. A Turai ma suna fama da wannan, domin kayan sojan Ingila na asali yawanci suna ɗauke da tambarin wanda ya yi da shekara da wata alama mai kamar kan kibiya, 'yan damfara kuma sun koyi buga irinsu. Shi ya sa masu ɗinki na gaskiya suke sa nasu suna a wurin da ba a gani daga waje. Dattijon nan bai taɓa zuwa Landan ba, amma ƙa'idarsu ɗaya.

In an kawo muku kaya an ce tsoho ne, ga abubuwan dubawa. Ku dubi inda ya gaji: tsohon gaske yana cinyewa ne a inda hannu da kafaɗa suke gogawa, bakin murfi, lanƙwasar igiya, ramin maɓalli. In ko'ina ya tsufa daidai wa daida, a yi hattara. Ku dubi ciki, domin mai jabu yakan manta da ciki. Ku dubi zare: in wani silin da ya fito ya narke ya dunƙule da aka kusanta masa wuta, na roba ne, kuma irin wannan zare bai fito ba sai wajen ƙarshen shekarun 1930. Ku dubi ɗinki: na keke tsaf yake kamar an auna da ma'auni, na hannu yana da ɗan bambanci. In akwai tagulla, tsohuwa takan bar kore a jikin fatar da ke kewaye da ita. Sannan ku sunsuna. Warin hayaƙi mai ƙarfi ko warin gam ya isa amsa.

Akwai kuma maganar doka, wadda ni kaina ban sani ba lokacin da dillalin nan ya zo. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa kayan sana'ar gargajiya da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ba a sayar da su sai ga wanda hukuma ta amince da shi, ba a kuma fitar da su ƙasar waje sai da izini. In kana da irin wannan a gida kana son a duba maka, Gidan Makama yana nan kusa da gidan Sarki, can ne wurin tambaya. Sabon aiki kuwa, wanda aka faɗi gaskiya a kansa, kasuwarsa a buɗe take.

Wani jan kunne kuma, musamman ga matasa da masu shirya fim. Mun san halin tsaro da ake ciki. Jakar gargajiya daban, kayan da suka yi kama da na sojan yanzu daban. Rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula a kan sa kaki. Kada wani ya ɗinka ɗamarar harsashi ya rataya ya hau babur ya bi hanyar Zariya wai ado yake yi. In na fim ne a nemi izini, a ɗauke su a jaka, kuma a bar su fayau babu komai a ciki.

Wanda kuma yake da na asali a gida, ajiyarsa ba ta da tsada. Kada a sa a leda, gumi take tarawa. A naɗe a farin ƙyalle na auduga, a cusa tsumma mai tsabta a ciki don kada ya lotse. A ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ɓera da danshin damina, mu da muke zaune kusa da kanal mun fi kowa sanin wannan. Kada a shanya a rana, kada a wanke, kada a rataye shi ta tsohuwar igiyarsa. In fatar ta fara zubar da jan gari kamar ƙura, to ta fara ruɓewa, a daina taɓa ta a nemi masani. Kuma don Allah kada a yi irin tawa ta baƙin mai. Abu na ƙarshe da ya fi duka: a tambayi tsofaffin gida tun suna raye, na wane ne, a ina aka yi, me ake zubawa. A rubuta a takarda a ajiye tare, a ɗauki hoto a waya.

Ƙanena ya yi hawa da sabuwar jakar, ja jawur, har wani dattijo cikin 'yan bindiga ya tsayar da shi ya tambayi wanda ya ɗinka. Ta Kaka tana nan a ɗakin mahaifiyarmu. Takin kuwa bashi na ci, na biya bayan an ɗebe tumatir. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk zuwan da na yi wajen dattijon nan, yaro ɗaya tak na gani yana koyo a gabansa, shi ma rabin hankalinsa yana kan waya. Hakimai da masu riƙe da dawaki da masu shirya fim, ku ne masu saye. In kuka riƙa neman na bagaruwa da ɗinkin hannu, ko da guda ɗaya ne a shekara, yaron nan zai ga akwai abinci a sana'ar ya zauna.

A nan za mu dakata. Wanda yake da kwari, kube, garkuwa ko jaka ta gado a gidansu, ya turo mana hoto da ɗan labarinta, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba manomanmu kasuwa mai albarka.